Birkin da Ya Ci Gonar Manzo

A bakin tashar Magarya, daura da inda ake auna gyaɗa, akwai wata rumfar kara da kowane direba ya sani. Mai ita Manzo ne. Ana ce masa Manzo Maƙeri, ko da yake rabonsa da zuga-zugi an jima. A bana, 1957, shekarunsa arba'in da bakwai ta lissafinsa. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ba ya yawan magana. In aka kawo masa mota, ba ya tambayar abin da ke damunta. Zagaya ta yake yi, ya dafa kowace ƙafa da bayan hannu, ya buɗe inda ake zuba man birki, ya tsoma yatsa ya shinshina. Direbobin Kano suna masa dariya a kan wannan, amma wurinsa suke kawo motocinsu. Hatsin da ake ci a gidansa a kasuwa yake awonsa, tiya-tiya, rani da damina. Ba shi da gona ko ta faɗin tabarma. Ya taɓa yin ta, kuma sanin nan nasa ne ya raba shi da ita.

Ubansa Dauda maƙeri ne daga Damargu. Yunwar Kakalaba ta koro shi kudu, da mace ɗaya, da yaro ɗan shekara huɗu, da uwar maƙera a bayan jaki. Ya sauka Tudun Gawo, wani ƙauye a ƙasar Yekuwa, inda mutane ke tafiyar rabin yini in hauya ta karye. Suka yi murna da shi. Mai garin lokacin ya yanka masa gona gabas da rijiya. Ba kyauta ba ce, aro ce irin wadda ake ba baƙo, kuma kowa a garin ya san sharaɗinta. In ruwan shuka ya sauka, mai gonar zai je da kansa cikin kwana bakwai ya yi saran farko a gaban shaidu. Muddin yana yi, tasa ce, ta ɗansa ce, ta jikansa ce. In damina ɗaya ta kuɓuce masa, ana kau da kai. In biyu suka wuce a jere, gona ta koma hannun gari. Mace ba ta tsaya wa miji a wannan sara, ɗan'uwa ma ba ya yi.

Jigawa ce fara aka ba Dauda, wadda ba mai so. Shekara ashirin ya yi yana mata hidima. Duk ɗan gawon da ya tsiro sai ya kewaye shi da ƙaya, har tara suka zama itatuwa. Da rani yakan gyara wa Fulani wuƙaƙe don su kwantar da shanunsu a ciki. Ranar da ya rasu, babu gonar da ta kai ta albarka a Tudun Gawo.

Manzo ya gaji ƙira ya gaji gonar. Amma ƙirar ƙauye aikin damina ce, don haka ya fara zuwa cin rani Kano. A Fagge ya samu garajin wani Kwara, Balaraben ɗan kasuwa, mai motocin gyaɗa. Da miƙe ƙarafan da suka lanƙwashe ya fara, a rani na huɗu kuwa har inji yake saukewa. A can wani tsohon makaniki ya sa shi ya shinshina man birki, ya ce masa ya riƙe ƙamshin. Man zurma ne da alkol, ruwan nan mai kama wuta, in ji tsohon, ba wani abu ba. Kowane mai aka zuba ban da shi, robar ciki za ta kumbura, ya yi danƙo, birki ya kama ya ƙi saki.

Sai yaƙin Turawa ya zo. A 1940 Faransi da Ingilishi suka ɓata, aka rufe iyaka. Manzo ya bi ta daji ya je Kano kamar yadda ya saba, amma da bazara ta yi, gardawa, wato dogaran Nasara, suka tsananta tsaro. Wanda aka kama yana tsallakowa, a ƙwace kayansa a kai shi kaso, wato kurkuku. Ya yi ta jiran sassauci har daminar 1941 ta wuce. Matarsa Ɗela ta yi shuka ita kaɗai, ta yi noma, amma wannan bai shiga lissafi ba. Da kaka ya samu ya sulalo. Ya je gaida mai gari, ɗan wanda ya ba ubansa gonar.

"Ɗan Dauda, guda ta tafi," in ji mai gari.

"Na sani, ranka ya daɗe. Baɗi ko kwance nake, a ɗauke ni a kai ni."

Bai je Kano a ranin nan ba. Ya zauna a maƙera yana jiran ruwa.

Da bazarar 1942 aka aiko a ba da mutum biyar daga Tudun Gawo don aikin tilas a hanyar Dungas, kwana goma sha biyar. Sunan Manzo aka fara kira. Barau, ɗan ƴar'uwar mai gari, wanda gonarsa ke maƙwabtaka da ta Manzo, ba a kira shi ba. Manzo ya ƙirga da yatsu, ya ga zai dawo kafin watan bakwai na manoma ya tsaya. Ya ɗauki gorarsa ya bi sahu.

Aikin shi ne a shimfiɗa kara a kan yashi, a ɗebo jar ƙasa da kwando a ka, a zuba, a daddaɓe. Mai kula da shi wani Nasara ne dogo da ba ya cire lofe daga baki, aka sa masa Mai Lofe. Yana da ƙaramar kamiyo mai buɗaɗɗen baya, da ɗan isansi, wato fetur, da ake ba shi da awo. Rana ta tara da hantsi kamiyon ta taho tana nishi, tana jan hagu kamar jaki mai ɗingishi. Tun kafin ta iso Manzo ya ji ƙauri. Ta tsaya daidai layin masu kwando. Direban ya sauko, wani Babarbare mai suna Ari, ya ɗaga murfin gaba yana leƙen inji.

"Ba can ba ne," in ji Manzo, da kwando a kansa. "Ƙafar hagu ta gaba ce. Birkinta ya kama bai saki ba."

Ari ya dube shi sama da ƙasa. "Yanzu mai kwando ne zai koya mini mota?"

"Dafa ka ji."

Ari ya dafa gangar ƙafar, ya janye hannu yana yarfewa. "Kai ɗan ina ne?"

"Maƙerin Tudun Gawo."

"To sauke ƙasar nan, maƙeri, ka zo ka sauke abin da bakinka ya ɗauko."

Aka sa kirik aka ɗaga motar, aka jira ƙarfe ya huce. Manzo ya kwance ƙafar, ya zare gangar. A ciki akwai lanƙwasassun ƙarafa biyu da ke matse ganga in an taka birki, tsakaninsu kuma wani ɗan bututu kamar gaɓar rake. In direba ya taka, mai ke turo ƙarafan cikin bututun waje, in ya ɗaga ƙafa su koma. Waɗannan sun fito sun ƙi komawa. Da ƙyar ya zaro su. Robar ta kumbura ta yi laushi, cikin bututun ya yi danƙo ja. Ya kai yatsa hanci, ya ji ƙamshin ƙuli-ƙuli.

"Wa ya zuba man gyaɗa a nan?"

Ari ya waiga inda Mai Lofe ke tsaye a inuwa. "Rage murya."

Ya yi masa bayani ƙasa-ƙasa yana miƙo masa kile, ƙarfen kwance ƙusa. Gwangwanin man birki na ƙarshe ya ƙare tun da sanyi, kuma ba jirgin da ke zuwa daga Faransa. Mai Lofe ya ga ana kunna fitila da man gyaɗa, ana tuƙa injin niƙa da shi, sai ya yanke cewa birki ma zai sha. Yana da kwalba guda a mangaza, ɗakin ajiyar kayansa. Kowace Litinin da hannunsa yake cika wa motar, don tana ɗan yoyo.

Manzo ya wanke bututun da toka mai laushi da tsumma har ya yi ƙyalli, ya mayar da komai. Ba shi da wani man, sai ya mayar da na gyaɗa. Motar ta tashi sumul. Mai Lofe ya gyaɗa kai, ya ce wa tafintansa wannan ya daina ɗaukar kwando, ya zauna kusa da mota. Masu layi suka yi ta kallon Manzo suna cewa ya dace.

Kwana shida birkin ya yi ya sake kamawa, daidai ranar da wa'adin mutanen Tudun Gawo ya cika. Huɗu suka tafi gida. Aka ce wa Manzo shi sai mota ta warke.

Ya sake wankewa, ta yi kwana biyar ta kama ta dama. Da yamma gabas ta fara haɗa baƙi tana warwarewa. Manzo ya sami tafintan, Malam Muttaƙa, mutumin Magarya, yana alwala bayan rumfa.

"Malam, magana guda za ka kai mini. Ka ce masa man ne."

"Man da ya zuba da hannunsa?"

"Shi."

Muttaƙa ya gama wanke ƙafa, ya sa takalmi. "Ka ga dattijon can, na uku daga baya a layi? Labbo sunansa. Shi ne direba kafin Ari. Shi ma man ya ce. Kwana goma sha biyar ya yi a kaso, da ya fito aka ba shi kwando."

"Ai gaskiya ya faɗa."

"Ban ce ƙarya ya yi ba. Mutumin nan ya riga ya rubuta wa Damagaram cewa ya gano abin da zai maye man Faransa. Ni na kai takardar gidan waya. So kake in tsaya gabansa in ce takardar banza ce?"

"Ni gonata nake so, Malam."

"Kowa a layin nan gona ya baro."

Ranar kasuwar Magarya Ɗela ta zo a kan jaki da gumba a ƙwarya, tafiyar yini guda. Suka zauna gindin wata aduwa. Ta bari ya ci rabi sannan ta yi magana.

"Barau ya yi sharar gonar. Ya tara kara ya ƙone."

"Wa ya roƙe shi?"

"Ya ce taimakon maƙwabta ne. Na ce Allah ya saka. Me zan ce?"

Manzo ya ajiye ƙwaryar. Ya daɗe yana duban motar da ke tsaye can a rana. "Zurmar nan ta bayan gidaje, ta yi ƴaƴa?"

"Ta bushe ma. Wa ke ciwon ciki?"

"Mota."

"Maigida, ko rana ce ta taɓa ka?"

"Man nake so, mai tsabta, cike da gora. Ki tace shi sau biyu. In kin kawo, da yardar Allah tare za mu koma."

Ɗela ba ta ƙara tambaya ba. Ta koma ta bi bayan gidajen Tudun Gawo da jujin ƙauyukan kusa tana tsinko zurma. Ta soya, ta daka, ta dafa, ta kwashe man da ya taso. Mata suna ta tambayarta ko cikin garin duka za ta wanke. Kwana biyar ta yi a kai, sannan ta kawo masa gorar.

Saura alkol. Mai Lofe na da shi a mangaza, na rishon da ake dafa masa kofi, kuma Ari ne ke riƙe mabuɗi in an fita rangadi. Da Manzo ya gaya masa, Ari ya sosa zanen fuskarsa.

"Ka san abin da ake ce wa wannan? Sata daga mangazar Nasara, a lokacin yaƙi. Ba kwana goma sha biyar ba ne."

"Na sani."

"Ƴaƴana uku, maƙeri."

"Kai ke zaune a bayan sitiyari. Wata rana a gangare za ta kama maka, da mutum goma a baya."

Ari ya tofar da goro. "Ku maƙera ba ku iya roƙo ba, sai tsoratarwa." Kashegari ya kawo rabin kofi a cikin butar alwala. Haka ya riƙa yi kullum har ya isa. Ya kuma fito da wani gwangwanin taba daga ƙarƙashin kujera. Sababbin robobi ne da suka zo da motar, ya ɓoye su don kada man gyaɗa ya cinye.

Ranar Alhamis Mai Lofe ya hau doki ya tafi duba wani kwari. Suka ɗaga motar ƙafa huɗu. Manzo ya kwance bututu huɗun, ya tsiyaye tsohon man duka, ya bi kowace jijiyar ƙarfe da alkol yana hurawa da baki har ta fito fes. Ya haɗa man zurma da alkol rabi da rabi, ya girgiza, ya shinshina. Ƙamshin garajin Fagge ne sak. Yana cikin sa roba ta biyu iska ta juyo daga gabas da sanyi. Kafin la'asar ruwa ya sauka, na sosai, irin wanda ke jiƙa ƙasa kamu guda. Masu kwando suka tsaya cak cikin ruwan, kowa ya juya yana duban wajen garinsu, har gardi ya daka musu tsawa. Manzo yana kwance ƙarƙashin mota, ruwa na bi ta bayansa, ya ce a ransa: yau ɗaya.

Ranar Juma'a suka gama. Ari na takawa, Manzo na buɗe ƙusa a kowace ƙafa yana fitar da iska, har birkin ya yi tauri. Abu na ƙarshe, Ari ya shiga mangaza ya zubar da man gyaɗan kwalbar, ya cika ta da sabon haɗin. Launinsu kusan ɗaya ne, kuma mutumin da lofe ke bakinsa tun safe ba ya jin ƙamshin komai.

Mai Lofe ya ce a gwada ta kwana uku tukuna. Aka je Magarya aka dawo, aka je Dungas aka dawo. Duk inda aka tsaya Manzo sai ya diro ya dafa ƙafafun huɗu. Sanyi ƙalau. Ranar Litinin da safe Mai Lofe ya ɗauko kwalbarsa ya cika wa motar da hannunsa, yana fito. Rana ta biyar ke nan da ruwa. Manzo ya riga ya ɗaure gorarsa da sandarsa. Yini guda ne zuwa Tudun Gawo, da kwana guda na rara.

Da hantsi aka kira shi. Mai Lofe na zaune a kujerar zane, Muttaƙa a tsaye gefensa, Ari na can yana goge madubin mota. A kan tebur akwai rigar kaki da wata takarda mai hatimi.

"Mushe ya ce ya gode," in ji Muttaƙa, da kalmar girman da ake kiran Nasara da ita, idonsa a ƙasa. "Ya ce ya daɗe yana faɗa cewa man gyaɗa ba shi da laifi, hannun kirki aka rasa. Yanzu an samu. Ya ce daga yau kai ba ɗan aikin tilas ba ne, makanikin hanya ne, da albashi. Inda mota take, nan kake."

Manzo ya durƙusa. "Malam, ka ce masa na gode. Ka ce ina roƙon kwana uku. In je in yi sara guda a gonata in dawo."

Muttaƙa ya juya maganar. Mai Lofe ya cire lofe ya yi dariya, ya faɗi wani abu gajere.

"Ya ce mai albashi ba ya bukatar gona. Ya ce bayan azahar za a tashi zuwa Guci, mako biyu."

Manzo ya san abin da ya rage masa. Zai iya cewa ba hannunsa ba ne, kwalbar ce aka sauya, kowa ya iya haɗa zurma da alkol zai riƙe motar nan. Da ɗan Faransancin da ya tsinta ma zai iya faɗa, ba sai da tafinta ba. Nasaran zai yi fushi, wataƙila ya kore shi nan take, kuma kora ita yake nema. Amma tambaya ta farko za ta zama daga ina alkol ɗin ya fito. Ya ɗaga ido. Ari ya daina goge madubi, tsumman na hannunsa, bai waigo ba. Can baya layin masu kwando na wucewa, Labbo na uku daga ƙarshe.

Manzo ya miƙa hannu biyu ya karɓi rigar.

Bayan azahar ya hau bayan kamiyo, gardi a gefensa da bindiga tsakanin gwiwoyi. Motar ta juya gabas, Tudun Gawo na yamma. Duk hanya mutane ne a gonaki, maza na sara, mata na bi suna zuba iri suna rufewa da diddige. Akwai wani gangare mai santsi kafin Guci da Ari ke tsoro. Ya taka, motar ta tsaya cik, ya ɗaga ƙafa, ta saki. Mai Lofe ya buga rufin da hannu don jin daɗi. A Guci rana ta bakwai ta same su. Ari ya kawo masa tuwo ya zauna kusa da shi, tuwon ya yi sanyi ba wanda ya taɓa shi.

Sai rana ta ashirin da huɗu aka ba shi kwana biyu. Ta gabas ya shigo Tudun Gawo, ta bakin gonar. Gero ya kai idon sawu, layi-layi, ƙarƙashin gawo tara ya fi ko'ina duhu. Ɗela na jiransa a bakin rijiya.

"Rana ta bakwai na je da sungumi tun da safe," ta ce. "Na tsaya a tsakiyar gonar har rana ta faɗi, ko za ka ɓullo. Kashegari Barau ya sara. Mai gari da liman suna tsaye."

Ya wuce ƙofar mai gari da rigar kakinsa. Aka shimfiɗa masa tabarma, abin da ba a taɓa yi masa ba.

"Ranka ya daɗe, da sunan gari na tafi. Kai ka aike ni."

"Kwana goma sha biyar na aike ka, ɗan Dauda. Abokan tafiyarka sun dawo sun yi shuka. Sauran kwanakin kai da Nasaranka kuka san su."

"Ubana ya yi shekara ashirin a ƙasar nan."

"Allah ya jiƙansa, ya yi. Ba ni na kafa al'adar ba, ubana ma tarar da ita ya yi. In na karya ta yau saboda kai, gobe wa zan hana?" Ya dubi rigar da kyau. "Kuma ai Allah ya musanya maka. Tunda kana kusa da shi, in an sake neman mutane, ka sa baki a rage mana."

Manzo ya tashi ya nufi gida. Bai gama shan ruwa ba aka yi sallama. Barau ne, da hauya a kafaɗa. Ya yi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi gajiya, ya tambayi Guci, sannan ya sauke hauyar.

"Tunda Allah ya kawo ka, Manzo, bakinta ya tsage. Ga noman fari ya zo, ciyawa ta taso mini a sabon wurin nan. Ka san ba mu da wani maƙerin."

Ɗela ta fito daga ɗaki ta tsaya. A gidan maƙera ba a mayar da hauya da damina, ko ta wane ne. Dauda bai taɓa yi ba. Manzo ya cire rigar kaki ya rataye, ya tono gawayi, ya hura wuta. Ɗela ta zauna ta kama zuga-zugi, fuskarta a juye. Ya narka bakin, ya haɗe tsagar, ya buge ta har ta yi kaifi, ya tsoma a ruwa. Barau ya gwada da babban yatsa ya ce ta fi sabuwa. Wannan ce hauya ta ƙarshe da Manzo ya ƙera. Da zai koma, ya ɗora uwar maƙera a kan jaki, Ɗela ta ɗauko tukwanenta, suka bar garin tare.

Wata bakwai ya yi a rigar kaki. Kowane wata Ɗela na dafa zurma, Ari na cika butar alwala, kwalbar ba ta taɓa yin ƙasa ba. A ƙarshen shekarar Turawan suka shirya, aka buɗe iyaka, gwangwanayen man birki suka shigo daga Kano. Aka ɗauke Mai Lofe zuwa wani wuri. Wanda ya gaje shi ya zo da makanikinsa daga Damagaram, ya karɓi rigar da takardar, ya sallami Manzo. Mai Lofe ya tafi bai san abin da ke cikin kwalbarsa ba.

Manzo ya nemi gona a ƙasar Bande da ta Yekuwa. Duk inda ya je, shekarun gyaɗa sun fara, ba mai ba da aro. Ya kafa rumfar nan a 1944. Ari ya bar tuƙi da ido ya yi masa rauni, yana sayar da goro a tashar. Kullum da hantsi yakan zo ya zauna a kan wata tsohuwar ƙafar mota a rumfar, ya ajiye goro biyu, su yi ta musu a kan direbobin yanzu. Maganar kwalba ba ta taɓa shiga tsakaninsu ba. Zurma kuwa in ta tsiro a bayan gida, Ɗela ke tuge ta tun tana ganye biyu.

Bai sake taka Tudun Gawo ba. Ranar kasuwa mutanen garin kan biyo ta rumfar su gaishe shi, wasu da keke a gyara musu. Ba ya tambayar mai gari, ba ya tambayar Barau. In sun tashi tafiya ne yakan ce, yana goge hannu da tsumma, "Gawon nan na gabas da rijiya, nawa suka rage?"

Bara sun ce shida. Bana huɗu.